Yadda Ake Tsara Wurare, Gine-gine, Benaye da Ɗakuna a Manhajar NetBox

Wanda aka ɗora wa kula da kayan sadarwa a makarantu da ƙananan asibitocin karkara yakan ɓata lokaci wajen neman inda kaya yake fiye da wanda yake ɓatawa wajen gyaransa. Za a bugo waya a ce sabis ya ɗauke a wata makaranta, a tura ma'aikaci a kan babur, ya isa ya shiga tambayar maigadi wane ɗaki ne ke da akwatin nan mai ƙyaftawar fitila. Maganin wannan shi ne manhajar da ke riƙe da bayanin kowace na'ura da inda take zaune. Sai dai manhaja ba ta san garinku ba, abin da ka zuba mata shi za ta mayar maka. Don haka kafin ka shigar da suwic ko rawuta ko da guda ɗaya, sai ka fara gina wuraren da za su zauna.

A nan da NetBox za mu yi aiki, domin kyauta ce kuma kowa na iya ɗora ta a kwamfutarsa. A kamfanin DigitalOcean aka fara ta, aka sake ta ga jama'a a 2016. Mai amfani da GLPI ko Device42 ko Catalyst Center ta Cisco zai ga sunayen gurabe sun sha bamban, amma yadda ake tunanin tsarin ɗaya ne. Shafukan manhajar da Turanci za ka same su, saboda haka sunayen maɓallai da gurabe zan rubuta su yadda za ka gan su a allo.

Kayan da za ka tanada

- NetBox da aka riga aka ɗora, da asusun da ke da izinin ƙarawa da gyarawa. Tana aiki a kan Linux tare da PostgreSQL, wato manhajar rumbun bayanai, da Redis mai taimaka mata. In babu saba, wato kwamfutar da aka keɓe don ɗora irin wannan manhaja, tsohuwar kwamfutar tebur mai RAM 4GB da Ubuntu ta isa ƙaramin aiki, muddin tana kan inbata. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata rumbun bayanai.
- Littafi mai kauri da biro. Yawancin wuraren da za ka je ba za ka samu sabis ɗin da zai buɗe manhajar ba.
- Waya mai GPS da kyamara, da cajinta cike.
- Tef ɗin awo.
- Maka wadda ba ta gogewa, ko ƙaramin gwangwanin fenti da buroshi, don rubuta lamba a ƙofofi.
- Excel ko LibreOffice, in wuraren suna da yawa.
- Izinin shugaban makaranta ko mai kula da asibitin, da wanda ke riƙe da makullai. Ka sanar da su tun kafin ranar, kada ka sha tafiya ka tarar mai makullin sito ya tafi kasuwa.

Abin da ya kamata ka gane tukuna

NetBox ba ta da gurbi na musamman da ake kira gini ko bene ko ɗaki. Abin da take da shi shi ne Region, wato yanki a taswira. Site Group, wato rukunin wurare masu aiki iri ɗaya. Site, wato wuri guda mai adireshi guda. Sai Location, wato kowane sashe a cikin wurin. Gini Location ne, bene Location ne da ke ƙarƙashin gini, ɗaki kuma Location ne da ke ƙarƙashin bene. Gurbin Parent shi ke nuna wane ne uwar wane. Kafin siga ta 2.11 ana kiran wannan Rack Group, don haka in ka ci karo da tsohon bayani mai wannan suna, abu ɗaya ake nufi.

Mataki na 1: Zagaya wurin da ƙafarka

Kada ka zauna a ofis ka tsara daga abin da aka gaya maka ta waya. Ka tsaya a bakin get ka ɗauki lambobin GPS. GPS na waya ba ya buƙatar data, sai dai yakan ɗan jima kafin ya kama, ka ba shi minti ɗaya ko biyu a fili. Daga nan ka zana harabar a shafi guda: get a ƙasan takarda, kowane gini da akwati, ka nuna gabas.

Sannan ka bi gini-gini. A kowane ɗaki ka rubuta abu uku: abin da aka rubuta a ƙofa in akwai, sunan da mutanen wurin ke kiransa da shi, da kayan da ke ciki. Sau da yawa za ka ga ƙofa an rubuta mata Laburare da tsohon fenti, alhali shekara da shekaru ɗakin kwamfuta ne, maigadi kuma "ɗakin sanyi" yake ce masa saboda na'urar sanyaya ɗaki. Duka ukun za su yi maka amfani. Ka ɗauki hoton ƙofar daga waje da hoton bangon da kaya ke rataye.

Kada ka manta da abin da ke waje: dogon ƙarfen da aka ɗaure eriya, tankin ruwa na sama da aka maƙala wa na'urar kama sabis, ɗan ɗakin batiran sola, ɗakin janareta, ɗakin maigadi in an sa kyamara a jikinsa. Waɗannan su aka fi mantawa, kuma su ne iskar farkon damina ke fara taɓawa.

Mataki na 2: Yanke dokar suna a takarda

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka ka ba shi lokaci.

Da farko, mene ne Site? Ka ɗauki katanga ɗaya, get ɗaya a matsayin Site ɗaya. Makarantar kwana mai ajujuwa da ɗakunan kwana da gidajen malamai duk Site guda ce. Asibitin da ke da sabon gini a tsallaken titi da nasa get da tasa mitar wuta, gara ka raba shi biyu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai da kowane gini Site. In ka yi haka, makaranta ɗaya za ta zame maka wurare tara, kuma ba za ka iya tambayar manhajar "kaya nawa ke makarantar nan?" ta ba ka amsa kai tsaye ba.

Sunan Site ba ya maimaituwa a duk faɗin NetBox. A Kano da Jigawa kuwa Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Gabas ba su ƙirguwa. Saboda haka ka fara da sunan gari, ka bi da irin wurin, in kuma sunan garin na kowa da kowa ne ka haɗa da ƙaramar hukuma. A matsayin misali kawai: "Shuwarin Makarantar Kwana", "Gujungu Asibitin Sha-ka-tafi".

Gine-gine ka ba su harafi: A, B, C, kana farawa daga hannun dama in ka shigo get. Bene ka ba shi lamba, ƙasa ta zama 0, hawa na farko 1. Ka rubuta wannan dokar a shafin farko na littafinka, domin wasu ƙasa suke ƙirgawa a matsayin hawa na ɗaya, kuma in mutum biyu suka shigar da bayani kowa da lissafinsa, za a riƙa neman kaya a saman bene alhali yana ƙasa. Ɗakuna ka ƙirga daga hagu zuwa dama kana fuskantar ginin, da lamba biyu-biyu: 01, 02, har 12. Ka saba da sifilin gaban nan, domin da zarar ka fitar da jerin zuwa Excel, shi zai hana 10 shiga gaban 2.

Sunan ɗaki ya ɗauki cikakkiyar lambarsa: "B-1-04 Ɗakin Kwamfuta". Dalili kuwa, a jerin na'urori manhajar sunan ɗakin kaɗai take nunawa a gurbin Location. In "Ɗaki 4" kawai ka rubuta, kuma kowane gini na da nasa ɗaki na huɗu, jerin ba zai gaya maka komai ba. Lambar ita ce ba ta canjawa. Ɗakin kwamfuta na iya komawa ofishin jarrabawa baɗi, sai ka gyara rabin sunan na baya, B-1-04 na nan.

In ƙofofin na da lambobinsu tun asali, ka bi su ko da ba su yi maka tsari ba. In babu, ka nemi izini ka rubuta naka da maka a saman ƙofa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Lambar da ke manhaja amma babu ita a jikin ƙofa ba ta taimaki wanda aka tura ba.

Mataki na 3: Region da Site Group

Shiga Organization, ka zaɓi Regions, ka danna Add. Fara da jiha: Jigawa, ba tare da Parent ba. Sannan ka ƙara ƙananan hukumomi, kowace ka sa Jigawa a Parent ɗinta: Kiyawa, Taura. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, Kano 44, amma ba sai ka shigar da su duka ba. Ka sa waɗanda kake da kaya a cikinsu, sauran ka ƙara ran da aiki ya kai ka. In ma'aikatanku shiyya-shiyya suke aiki, kana iya sa shiyya tsakanin jiha da ƙaramar hukuma, kamar Haɗeja ko Gumel ko Kazaure. Hawa uku ya isa.

Site Groups kuma ka sa Makarantu, Asibitoci, Ofisoshi. Kada ka cusa waɗannan cikin Region. Amfanin raba su shi ne ka iya tace jeri ta fuska biyu: duk asibitoci a ko'ina, ko duk abin da ke Taura ko mene ne shi.

Mataki na 4: Ƙirƙiri Site

Organization, Sites, Add. Cike Name. Da kana rubutawa za ka ga gurbin Slug, wato gajeren sunan da manhajar ke gane wurin da shi, yana cika kansa. Ka tsaya ka duba shi da kyau, don yana zubar da haruffa masu lanƙwasa: Ɗakin Magani zai fito akin-magani, Ƙasa ta fito asa. Slug ba ya karɓar komai sai haruffan Turanci da lambobi da karan ɗori da layin ƙasa (_), don haka ka goge ka rubuta naka da hannu, gajere mai tsari: kyw-shw-mk, wato Kiyawa, Shuwarin, makarantar kwana.

A Status ka zaɓi Active in wurin na aiki, Planned in ba a kai kaya ba tukuna. Zaɓi Region da Group. Time zone ka sa Africa/Lagos. A Physical address, tunda yawancin ƙauyuka ba lambar gida, ka rubuta kwatance irin wanda ɗan acaɓa zai gane: bayan masallacin Juma'a, hannun hagu in ka fito daga kasuwa. In damina tana yanke hanyar, ka rubuta hanya ta biyu a Comments.

Latitude da Longitude, wato lambobin GPS ɗin da ka ɗauka, suna son lamba mai ɗigo, kuma lambobi shida kacal bayan ɗigon. In ka kwafo mai tsawo daga Google Maps manhajar za ta ƙi karɓa, sai ka datse wutsiyar. In wayarka digiri da minti take nunawa, raba mintin da 60 ka haɗa: digiri 11 da minti 45 ya zama 11.75. A yankinmu Latitude ne babba, galibi tsakanin 11 da 13, Longitude kuma tsakanin 8 da 10 da ɗoriya. In ka juya su, manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, amma taswira za ta kai makarantarka wajajen Adamawa. Bayan ka adana, danna maɓallin taswira da ke gefen lambobin ka tabbatar.

Gurbin Tenant na mai wurin ne, ko hukumar ilimi ko ta lafiya ko wata ƙungiya. In duk wuraren na mai gida ɗaya ne, bar shi fanko.

Mataki na 5: Gine-gine, benaye, ɗakuna

Daga sama ake sauka. Organization, Locations, Add. Zaɓi Site, bar Parent fanko, rubuta "A Ginin Ofis", gyara Slug ya zama kyw-shw-mk-a, Status Active. Maɓallin Create & Add Another zai adana ya buɗe maka sabon fom. Ka gama duk gine-ginen wurin kafin ka taɓa bene.

Yanzu benaye, kuma a nan a yi hattara: ginin da ba bene ba ne kada ka ƙirƙira masa bene. Mafi yawan gine-ginen makarantu da asibitocin karkara na ƙasa ne, ɗakunansu kai tsaye za su rataya a jikin gini, lambarsu kuma A-03 kawai. Wasu don son daidaito sukan sa "Ƙasa" a ƙarƙashin kowane gini, abin da ba ya ƙara komai sai yawan dannawa. Inda akwai bene na gaske, sai ka yi "B-0 Ƙasa" da "B-1 Hawa na Farko", Parent ɗinsu ginin B.

Sai ɗakuna. Ba kowane ɗaki za ka shigar ba. Ka sa wanda ke da na'ura, ko soket ɗin sadarwa a bango, ko wanda waya ta ratsa ta cikin silin ɗinsa, ko wanda aka shirya kai wa kaya nan gaba kaɗan. Aji ashirin da ba ko soket, barinsu ya fi. A Description ka rubuta sunan da mutanen wurin ke faɗa, kuma ka rubuta shi ba lanƙwasa: dakin sanyi, tsohon laburare. Wanda ke nema daga wayar da ba ta da ɗ zai rubuta "daki", manhajar kuwa ba ta ɗauki d da ɗ harafi ɗaya ba. Bayan ka adana, ka liƙa hoton ƙofar a sashen hotuna na shafin ɗakin. Ka rage girman hoton tukuna, don wanda zai buɗe shi da sabis mai rauni.

Kayan waje ka yi musu uwa guda mai suna "W Waje", ka sa "W-01 Dogon Ƙarfe", "W-02 Tankin Ruwa" a ƙarƙashinta. Ɗakin batir da na janareta, tunda gini ne mai ƙofa da makulli, ka ba su harafinsu kamar sauran gine-gine.

In fom ya ƙi nuna maka ginin da kake nema a Parent, duba Site ɗin da ka zaɓa. Manhajar ba ta yarda uwa tana wani Site ɗa yana wani ba. In kuma ta ce sunan ya riga ya wanzu, to akwai mai irin sunan ko irin Slug ɗin a ƙarƙashin uwa ɗaya.

Mataki na 6: Rak da akwatin bango

Rak shi ne akwatin ƙarfe da ake ɗaure na'urori a ciki. Shafin Racks a tsofaffin sigogi yana ƙarƙashin Organization, a sababbi yana da nasa sashe. Zaɓi Site da Location, ka ba shi suna kamar B-1-04-R1. Faɗin da aka saba shi ne inci 19. Tsayi kuwa da U ake aunawa, U ɗaya inci 1.75 ne, wato milimita 44.45, ramuka uku a jikin ƙarfen gefe. Manhajar da kanta 42 take sawa, alhali akwatunan bango da ake kafawa a makarantu galibi 6U ne ko 9U ko 12U. Ƙirga ramukan ka raba da uku, ko ka auna da tef. In ka bar 42, zanen zai nuna fili mai yawa, wani ya sayo kaya ya zo ya rasa inda zai ɗaura. Lamba 1 daga ƙasa take farawa. In akwatinka daga sama aka buga masa lamba, kunna Descending units.

Inda babu rak sam, rawuta na kan tebur ko an rataye ta da ƙusa, kada ka ƙirƙiri rak na ƙarya. Na'ura na iya zama a Location kai tsaye. Ka rubuta a bayaninta: bangon gabas, saman taga.

Mataki na 7: In wuraren suna da yawa, shigar da su a dunƙule

Ka fara yin wuri ɗaya da hannu har ƙarshe, don ka ga ko dokar sunanka ta zauna. Sauran sai ka jera su a Excel ka yi amfani da maɓallin Import. Ka raba fayil uku, na gine-gine, na benaye, na ɗakuna, ka shigar da su bi da bi, domin ɗa ba ya shiga sai uwarsa na nan. Fayil ɗin ɗakuna zai yi kama da haka:

site,parent.slug,name,slug,status
Shuwarin Makarantar Kwana,kyw-shw-mk-b-1,B-1-04 Ɗakin Kwamfuta,kyw-shw-mk-b-1-04,active

Lura da gurbi na biyu a layin farko, wato parent.slug. In parent kawai ka rubuta, da suna za a nemi uwar, kuma in suna biyu suka yi karo shigarwar za ta tsaya. Da parent.slug kuwa, tunda ka gina Slug ɗinka daga ƙaramar hukuma har ɗaki, babu biyunsa. Status da ƙananan haruffa ake rubuta shi a fayil. Kada ka sa waƙafi a cikin suna, don shi ne ke raba gurabe. Wajen adanawa a Excel ka zaɓi CSV UTF-8. CSV na gama-gari yakan mai da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya. Layi ɗaya in ya samu matsala, ba abin da zai shiga ko ɗaya, kuma manhajar za ta faɗi layin da gurbin. Gyara shi ka sake turawa duka.

Mataki na 8: Dubawa, gyara da kariya

Buɗe jerin Locations ka tace da Site ɗaya. Za ka ga 'ya'ya sun ɗan shige ciki a ƙarƙashin uwayensu. Ɗakin da ya tsaya a layi ɗaya da gine-gine, an manta Parent ɗinsa ne. Shiga Edit ka zaɓa masa. Sannan ka yi gwajin da ya fi kowanne: ba wani abokin aiki da bai taɓa zuwa wurin ba sunan ɗaki ɗaya, ka ce ya kwatanta maka yadda zai kai ƙofarsa daga tasha, da abin da ke allo kaɗai. Inda ya tsaya yana tambaya, nan ne bayaninka ya gaza.

A sashen Contacts ka haɗa kowane Site da wanda ke riƙe da makulli da lambar wayarsa, bayan ka nemi yardarsa.

Wajen gyara, abu biyu ke da haɗari. In ka canja Site na wani gini, benayensa da ɗakunansa da rak da na'urorin ciki duk za su bi shi, don haka ka tabbata kafin ka adana. Gogewa kuma ta fi: share gini yana tafiya da benaye da ɗakunan da ke ƙarƙashinsa. Manhajar takan hana share wurin da har yanzu akwai na'ura a cikinsa, amma ɗakunan da ba ka kai ga zuba musu kaya ba babu mai kare su. In iska ta yaye rufin wani gini aka kwashe kaya zuwa wani, ka mayar da na'urorin sabon ɗakin, tsohon kuma ka sa masa Retired a Status maimakon ka share shi, ka rubuta dalili da kwanan wata a Journal, wato sashen ajiye bayani na shafinsa. Izinin gogewa ka bar shi hannun mutum ɗaya ko biyu, sauran a ba su na dubawa da ƙarawa da gyarawa.

Change Log yana nuna wanda ya canja me da yaushe, amma kwana 90 yake riƙewa in ba a ƙara masa wa'adi a saituna ba. Don haka duk ranar da ka gama shigar da wuri, ka kwafi rumbun bayanan da pg_dump, wato umarnin PostgreSQL na yin kwafi, ka haɗa da jakar media inda hotuna ke zaune, domin pg_dump ba ya ɗaukar su. Kwafi ɗaya a filash, ɗaya a wata kwamfutar da ba a gini ɗaya take da sabar ba. Littafin da ka yi zane a ciki ma ka ɗauki hoton kowane shafinsa, ka liƙa zanen harabar a shafin Site ɗin da ya dace.